Gyaɗar Kawu da 'Yancin Intanet

A ƙauyenmu, can gefen Ɗanbatta, wuri ɗaya ne tak waya take kama sabis: wani ɗan tudu a tsakiyar gonar kawuna, yayan mahaifiyata. Ba wanda ya san dalili. Ka tsaya a ƙofar gidanka ka ɗaga waya har hannunka ya sage, ba za ka ga komai ba. Amma da ka taka tudun nan sai saƙonni su yi ta shigowa kamar kaji an watsa musu tsaba.

Da rani ba wata matsala, kowa hawa yake yi. Da damina ne Kawu yake shuka gyaɗa a wurin, kuma ba irin gyaɗar kasuwa ba. Wata ce 'yar ƙarama, ja, mai yaɗo, da ya gada daga mahaifinsa, masu ƙuli-ƙuli suna rububinta saboda mai. Duk yankin an daina shuka ta sai shi. Da ta fara fure sai ya kewaye tudun da ƙaya har a cire. Wanda yake da larura ta gaske, rashin lafiya ko mutuwa ko haihuwa, sai ya yi sallama da Kawu, shi kuma ya buɗe masa ya shige gaba, su bi tsakanin kunyoyi a hankali. Mai son kallon ƙwallo kuwa sai ya jira kaka. Ana gunaguni, amma an saba.

Shekarar da nake ba da labari, Kawu yana cikin fargaba. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, abin da ya samu bai wuce na iri ba, kuma duk ya zuba shi a ƙasa. Bai rage ko ƙwaya ɗaya a gida ba.

Ana cikin haka aka aiko wa dagaci cewa za a yi taro a makarantar firamare inda nake koyarwa, kan 'yancin jama'a na shiga intanet. Gwamnati da wata ƙungiya mai zaman kanta da kamfanin waya ne suka haɗa kai. Ni aka sa jera benci da riƙe lasifika, na kuwa sha shadda kamar ranar aurena.

Motoci suka iso bayan azahar, ko da yake da hantsi aka ce. Wakilin gwamnati ya fara, wani mai babbar riga da tumbi daidai da ita. Ya ce gwamnati ta ɗauki intanet da muhimmanci kamar ruwan sha. Mutane suka kalli famfon makaranta da ya shekara uku a bushe, suka tafa. Sai Hajiyar ƙungiya ta tashi. Ita kam ta iya magana, kuma na yarda har zuciyarta take faɗa. Ta yi bayanin ƙasashen da ake toshe wa mutane intanet, ana hana su faɗin albarkacin bakinsu. Na ƙarshe saurayi ne daga kamfanin waya, ya ce ƙauyenmu yana cikin taswirarsu, ƙarfen sabis yana nan tafe. Wani tsoho ya tambaye shi ko a ƙafa yake tahowa.

Hajiya ta sake karɓar lasifika ta ce, "Ku sani, ba wanda yake da ikon shiga tsakaninku da intanet. Ko wane ne shi! Akwai wanda yake hana ku a nan?"

Ita gwamnatoci take nufi, wakilin gwamnati ma sai da ya gyara zama. Amma duk taron, maza da mata, sai aka juya aka kalli Kawu, yana can benci na ƙarshe da fartanyarsa a jingine. Mutumin da ko waya bai mallaka ba.

Da a nan aka tsaya da an yi dariya an watse. To, sai baƙin suka so aika hotunan taro ofisoshinsu, suka ɗaga wayoyi, shiru. Saurayin kamfani ya hau kan benci, ya hau taga, abin nasa ya ƙi shi a gaban jama'a. A nan ne na yi abin da har yau yake cina. An riga an raɗa mini cewa za a kafa kwamitin kare 'yancin intanet, kuma ana neman sakatare mai ilimi. Sai na matsa kusa na ce, "Ranku ya daɗe, ai akwai inda yake kamawa."

Muka ɗunguma, ni ne a gaba. A bakin ƙayar Kawu ya tare mu, ya rusuna ya gaishe su. Ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, gyaɗar tana tura 'ya'ya ƙasa yanzu, ba ta son taku. In dole ne, mutum ɗaya ya zo in shige masa gaba."

Wakilin gwamnati ya dafa kafaɗarsa. "Baba, ci gaba ne ya zo har gonarka. Kai ma ka zama mai ruwa da tsaki."

Kawu ya kalle ni ya ce, "Malam, kai ka san abin da ke cikin ƙasar nan. Gaya musu."

Na ce, "Kawu, minti biyar ne kawai."

Samarin gari, waɗanda dama sun daɗe suna jin haushin ƙayar, suka janye ta da sanduna. Aka hau. Aka ce kowa ya ɗaga wayarsa sama ya yi murmushi, aka ɗauki hoto, aka sake ɗauka don wakilin gwamnati ya rufe ido a na farko. A kan tudun aka karanta takardar bayan taro, aka ayyana wurin a matsayin cibiyar sadarwar al'umma, ta haɗin gwiwar ɓangarori uku. Ba a ƙirga mai gonar cikin ɓangarorin ba. Ni kuma aka naɗa ni sakatare, aka ba ni hula mai tambari.

Baƙi suka tafi kafin la'asar ta yi sanyi, ba su ƙara waiwayarmu ba. Mu ne muka ƙarasa aikin. Kawu ya mayar da ƙaya sau biyu, sau biyu ana janyewa, ana cewa ai gwamnati ce ta buɗe. Ya kai ƙara wurin dagaci, dagaci ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, ta kwamiti ce. Kwamitin kuwa ni ne, da wasu mutum biyu da ba su taɓa zuwa zama ba. Na rubuta wasiƙa ga ɓangarorin uku. Gwamnati ta ce aikin kamfani ne, kamfani ya ce ƙungiya ce ta shirya, ƙungiya ta ce shirin ya kammala cikin nasara. Tudun ya koma dandali, har mai shayi ya kafa teburi, 'yan acaɓa suna faka babura a kan kunyoyi.

Da kaka na je taya shi cirewa, don kunya ta hana ni zama. Muka tona, ƙasar ta daskare kamar daɓe. Abin da muka tsinta bai cika ƙwarya ba, yawanci ɓawo ne babu ƙwaya. Ya adana ɗan abin da ya samu, ya shuka da damina ta zagayo, bai tsiro ba.

Bayan nan ne rahoton taron ya iso makaranta, takarda mai sheƙi. A bangon ga mu nan a kan tudu, wayoyi sama, haƙora waje, ni a tsakiya da hulata. Na so in ɓoye, amma wani ya riga ya gaya wa Kawu, ya aiko in kawo masa.

Ya riƙe ta nesa da ido ya daɗe yana kallo. Bai dubi fuskar kowa ba. Ya sa ɗan yatsa can ƙasan hoton, inda ganye kore da fure rawaya suka leƙo ta ƙarƙashin takalmina.

Ya ce, "Malam, in ba ka da amfani da takardar nan, bar mini ita. Gyaɗar Baba ce, a nan kaɗai ta rage."