Ƙarfen da Kakar Kawu Ta Taɓa a Lokoja

Ana sallame asuba muka bar unguwar Kwararafa a Jos, ni da kawuna, tsohon mahauci a mayankar Abattoir da ya daɗe yana roƙon in kai shi Lokoja. Kakarsa tana yarinya aka kama ta a duwatsun nan namu, aka yi ta sayar da ita har bakin kogin Kwara. A can ta gudu ta samu 'yancinta, kuma yana son ya ga wurin tun yana da sauran ƙafa.

Muna gangara Hawan Kibo sanyin Jos ya sallame mu, amma Kawu ya ƙi cire suwaita sai a Akwanga, inda muka ci gasasshiyar doya da manja. Tsadarta ta sa ya tambayi mai sayarwa ko da gonar aka haɗa. Hanyar Abuja lafiya lau, daga nan kuma ramuka da tireloli har la'asar.

Washegari wani mai zagayawa da baƙi ya kai mu harabar wata tsohuwar makarantar mishan, ya nuna mana ƙarafa biyu a kafe. Ya ce ana faɗin duk bawan da ya gudo ya taɓa su ya zama ɗa. A lokacin wani kamfanin Turawan Ingila ke mulkin kogin da izinin Sarauniyarsu, yana da kotunsa da sojojinsa. Ya soke bauta a dokarsa, ya kuma hana kowa ciniki sai da shi, garin da ya ƙi a sa masa wuta.

"To ita Sarauniyar, wa ya ba ta kogin?" in ji Kawu.

Mutumin ya yi dariya. "Baba, tambayi wani."

Kawu ya tuɓe takalmi, ya dafa ƙarfen, ya daɗe yana addu'a. Ya ce kakarsa ba ta taɓa yabon Bature ba, don daga baya su ne suka kwaso mijinta aikin tilas a ramin kuza. Ƙafafunta kawai take gode wa bayan Allah. Da yamma muka ci farfesun kifi a bakin ruwa, gumi na zuba, yana ta murmushi.

Mun dawo Jos cikin yayyafi. Na gane cewa doka ta buɗe ƙofar ne kawai, gudun na yarinyar ne. Jikoki suka taru neman tsaraba, Kawu ya zaunar da su ya ce, "Ku fara jin sunanta tukuna."