Riga Mai Facin Jan Zare

Shekara ashirin da biyu Mama Bula tana wanki a gidan Fada, limamin cocin garin. Sunan ya bi ta ne saboda bular da take sa wa fararen rigunan coci, wadda ta rine mata hannu. Mace ce mai faɗa. Shi kansa Fada tsoron bakinta yake yi, in ya ɗiga miya a riga sai ya cusa ta ƙarƙashin katifa.

Da yaƙin basasa ya iso garin, sojoji suka kwashe maza arba'in da bakwai suka kulle a tsohon siton hatsi, har da ɗanta tilo, direba. Fada ya yi ta zarya. Ya roƙi a sake su, aka ƙi. Ya roƙi sunayensu, aka ƙi. Daga ƙarshe ya ce to a bar shi ya riƙa kwaso kayansu ana wankewa, kada ƙwarƙwata ta kama masu gadi. Kwamanda ya yi dariya ya yarda. Bai lura ba cewa duk rigar da ta fito shaida ce mai ita yana da rai, kuma Fada a gabansa yake ƙirga su, da ƙarfi.

Duk Talata mata sukan cika tsakar gidan, kowacce na dudduba igiyar shanya ko za ta ga rigar nata. Mama Bula ba sai ta nema ba. Tana kwance ƙullin kayan take hango ta ɗanta, mai facin jan zare a kafaɗa, ɗinkin hannunta. Ita da ta shekara talatin tana masa faɗan ƙazanta, yanzu sai ta kai rigar hanci ta shaƙi zufarsa kafin ta tsoma a ruwa.

Wata Talata rigar ba ta fito ba. Ta zazzage ƙullin har sau uku.

"Fada, ina yarona?"

Ya zura farar rigar da ta goge masa da safe, ya koma siton. Ashe an ware yaron an sa a mota, za a kai shi inda ba a dawowa. Fada, tsoho mai ciwon gwiwa, ya zauna daɓas a ƙasa gaban tayar, ya ce wa kwamanda, "Arba'in da bakwai na ƙirga, arba'in da shida ka ba ni." Tun hantsi yana nan, har rana ta karkata, sannan kwamanda ya gaji ya sakar masa yaron.

Da yamma ta hango su tafe, ɗanta ya rame kamar kara, jan zaren na kafaɗarsa. Rigar Fada kuwa ta sha ƙasa da baƙin mai, ba ta ganuwa.

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, kuka ya riga ta. Da ƙyar ta ce, "Ku tuɓe min kayan nan, dukanku biyu." Ta share ido ta jawo baho, don na mutum arba'in da shida ma suna jira.