Kwana Takwas Kwamfuta Ba Ta Buɗe wa Yaya Ba

A laburaren jami'ar kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake difloma kawai ya yi. Shekara goma sha ɗaya shi ke riƙe da manhajar da ke ɗauke da sunan kowane littafi da na wanda ya are shi. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, mai sanyi kamar firji saboda injinan da ke ciki. Duk Alhamis sai ya kwafe bayanai ya adana, duk sabuntawar da ta fito sai ya gwada ta sau biyu kafin ya ɗora. A aiki dai ba a taɓa kama shi da sakaci ba.

Yayansa ne ya shigo da shi aikin. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma a gidan yayan ya tashi bayan rasuwar mahaifinsu. Shekara ashirin da shida yayan yana kan kantar ba da aro, har ɗalibai suka sa masa suna Baba Kanta. Ya san mazaunin kowane littafi ba tare da ya duba ba, amma da yatsa biyu yake buga kwamfuta, yana laluben haruffa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sau goma a rana zai ɗaga waya: “Ƙanena, abin nan naka ya sake yin fushi.” Injiniya ya tsani wannan kira. A wurin aiki bai taɓa ce masa Yaya ba, Baba Kanta yake ce masa kamar kowa.

Da aka sayo sabuwar manhaja da na'urar da ɗalibi zai ari littafi da kansa, Shugabar laburare ta kira Injiniya. Ta ce mutum biyu sun isa kanta maimakon huɗu, ya ciro mata lissafin littattafan da kowane ma'aikaci ke shigarwa a awa. Ya ciro, ya kuma ƙara layin da ba ta nema ba, na yawan kurakurai. Sunan yayansa ne a can ƙasa.

Shugaba ta cire tabarau ta dube shi. “Wannan ba yayanka ba ne?”

“Ranki ya daɗe, abin da na'ura ta nuna na kawo.”

Aka yanke shawarar sallamar Baba Kanta. Wasiƙar sallama daga ofishin ma'aikata za ta fito, amma ta makale a teburin wani, ga shi ranar Litinin za a koma sabuwar manhaja. Injiniya ya kwashe sunayen ma'aikata ya zuba a ciki, ya bar na yayansa a waje.

Litinin da safe Baba Kanta ya zauna, ya buga kalmar sirrinsa, kwamfuta ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Layin ɗalibai ya kai bakin ƙofa. Ya kira ƙanensa.

Injiniya ya hauro, ya tsaya a bayansa hannu cikin aljihu. “Sake bugawa mu gani.”

Ya buga.

“Ka manta ne, Baba Kanta. Ko ka danna babban baƙi. A hankali, harafi ɗaya-ɗaya.”

Wata ɗaliba ta ce, “Baba, ko mu riƙe maka yatsan?” Layi ya fashe da dariya. Shi ma Baba Kanta ya yi tasa, yana share gumi da hula. Injiniya ya ce zai duba, ya sauka ɗakinsa ya rufe ƙofa.

Haka aka yi Talata, haka Laraba. Dattijon ya rubuta kalmar a takarda da manyan haruffa ya manna a gefen allo. Ya ɗauka idonsa ne, ya je asibiti aka canja masa tabarau. Ranar Asabar ya tako har gidan ƙanensa, ya zauna a falo ya ce, “Koya min sabon nan, kada in riƙa ba ka kunya.” Injiniya ya buɗe masa manhajar gwaji, ya bar shi awa biyu yana ba wa ɗaliban ƙarya aron littattafan ƙarya. Da zai tafi har Injiniya ya ce masa, “Ka fara kamawa.”

A kwana na takwas wasiƙar ta iso. Baba Kanta ya karanta ta a tsaye, ya ga kwanan watan da ke samanta ya riga waccan Litinin da mako biyu. Matar da ke jera sunayen littattafai, wadda suka fara aiki tare a shekara ɗaya, ta kasa haƙuri ta gaya masa sauran: ƙanensa ne bai sa sunansa a sabuwar manhajar ba.

Ya sauka ƙarƙashin matakala, ya tura ƙofa ba sallama.

“Ashe ba idona ba ne.”

“Ba hurumina ba ne in faɗa, Yaya. Sai wasiƙa ta fito.”

“Yau na zama Yaya?” Ya cire sabon tabarau ya juya shi a hannu. “Korar ba ta dame ni ba, na ga an kori waɗanda suka fi ni. Amma ka tsaya a bayana kana cewa in sake bugawa.”

Injiniya ya ce akwai sabuntawar da yake ɗorawa, ba ya so ta katse. Ya juya kujera ya fuskanci allo.

Kafin a biya ma'aikaci haƙƙinsa sai kowane sashe ya sa hannu a takardar sallamarsa, har da na Injiniya. Ranar da Baba Kanta ya kawo tasa, aka ce masa Injiniya yana taro. Ya zauna a bencin baƙi daga ƙarfe tara har ɗaya, ƙanensa kuwa yana ɗaki yana kallonsa ta kyamarar tsaro. Sai da ya ga yayan ya ajiye takardar ya zagaya bayan gida, sannan ya fito da sauri ya sa hannu, ya bar takardar a kan benci.

A shekarar aka ƙara wa Injiniya girma, aka ba shi ofis mai taga a hawa na biyu. Matar yayansa ta aiko masa da akwatin littattafansa na sakandare da ya shekara ashirin a gidansu, ba ko saƙo. Yayan yanzu yana tsaron wani shagon hoton takardu a bakin babbar ƙofar jami'a, tsofaffin ɗalibai na tsayawa su gaishe shi. Injiniya ta ƙofar baya yake shigowa da mota, ko da yake zagayen yana cin masa minti ashirin kullum.