Waƙoƙin Inna da Tawadar Baba

Mahaifina mai zayyanar allo ne. Duk yaron da ya sauke Alƙur'ani a unguwarmu a cikin garin Daura, har da wasu daga ƙauyukan wajen Dutsi, zaurenmu ake kawo allonsa, Baba ya ƙawata shi da ja da rawaya da kore kafin ranar walima. Mutum ne marar magana. Ni ce 'yar farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarama "ke" yake ce mini, da na fara koyarwa a firamare sai ya koma kirana Malama.

Mahaifiyata kuwa, wadda muke kira Inna, bakinta ba ya hutawa. In tana daka waƙa take yi, in tana tankaɗe waƙa take yi. Har bayan injin niƙa ya zo unguwa ba ta yarda a kai masa geron kunun Baba ba, a kan dutse take niƙa shi da hannunta, kuma a nan waƙar ta fi fitowa. Wasu waƙoƙin ta taso da su daga ƙauyensu na ƙasar Mashi, wasu nan take take ƙaga su. Katanga ɗaya ce tsakanin zauren Baba da inda dutsen yake. Ban taɓa jin ya yaba ba, ban kuma taɓa jin ya hana ba. Mu dai mun ɗauka ba ya sauraro.

Inna ta rasu da damina, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ba. Ina gidan mijina a lokacin, amma kowace Alhamis in an tashi daga makaranta nakan biya in kai wa Baba abinci, in zauna kaɗan. Wata Alhamis, bayan an yi sadakar arba'in, ina tattara kwanuka ya ce, "Malama, a makarantarku ana samun farar takarda mai kauri, wadda tawada ba ta huda ta?"

Na ce ana samu. Ban tambayi abin da zai yi da ita ba, don ba a saba tambayarsa ba. Na sayo masa a shagon littattafai na kai masa.

Bayan mako biyu ya miƙo mini takarda guda. Ya zagaye gefenta da irin saƙar da ake yi wa faifai, ja da baƙi, a ƙasa ya zana dutsen niƙa da ɗansa. A tsakiya akwai layi biyu da ajami. Karatun ajamina ba shi da sauri, sai da na bi harafi harafi:

Dutse bi hannuna a hankali,
Gero yi laushi kafin hantsi ya yi.

Ban kai ƙarshe ba na ji muryar Inna a kunnena, har da yadda take jan numfashi in ta tura dutsen gaba. Na rufe fuska da mayafi. Baba ya jira har na natsu, sannan ya ce, "Haka take faɗi, ko na ɓata?"

Na ce, "Haka ne, Baba. Ashe kuna ji?"

Ya ce, "Katangar ba ta da kauri."

Daga ranar aikin Alhamis ya sauya. Ashe yana riƙe da waƙoƙinta da yawa, sai dai gutsure-gutsure: wata farkonta ya sani, wata amshinta kawai. Sai ya karanto abin da ya tuna, ba rerawa ba, kamar mai karanta wasiƙa, ni kuma in cike abin da na sani. In mun daidaita sai ya rubuta a ɓarin takarda, daga baya ya yi wa kowace waƙa shafinta. Baƙar tawadarsa ta gawayi ce da ƙaro, ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau. Waƙar ɗiban ruwa ya zana mata bakin rijiya da guga. Ta tallar fura ya jera mata ludayi a gefe har ya zagayo.

Lokacin gari ya ɗauki zafin addini. An rage kiɗa a bukukuwa, mutane da dama sun sauke hotuna daga bangon ɗakunansu, ko'ina ka zauna zancen halal da haram ake yi. Ƙanena, wanda tela ne a bakin kasuwa, yana cikin samarin da suka riƙe abin da gaske. Ba mai tsaurin kai ba ne, tsoron Allah ne da shi, kuma abin ya dame shi. Ran nan ya same mu a zaure, ya durƙusa ya gaida Baba, ya daɗe yana kallon takardun da aka shanya a kan tabarma.

Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Alƙalamin da kuke rubuta ayoyi da shi, da haruffan, su ne za a rubuta waƙar niƙa da su? Mutane za su yi magana."

Na buɗe baki zan amsa, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya jawo wani ƙaramin kurtu daga bayansa, da alƙaluma uku ɗaure da jan zare.

Ya ce, "Waɗannan na uwarku ne. Ban taɓa tsoma su a tawadar allo ba. Kuma ka duba, ban sa waƙarta a allo ba, ban zana abu mai rai ba. Haruffa kuwa, da su kakanka yake rubuta wa 'yan'uwansa wasiƙa. In ka ga kalmar saɓo a ciki, nuna mini in kankare."

Ƙanena ya ɗauki takardun ɗaya bayan ɗaya ya karanta, shi ajaminsa ya fi nawa. Da ya zo kan wadda Inna take yi masa in tana goye da shi, sai ya tsaya. Bai ce ya yarda ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Ya ajiye takardar a hankali ya yi sallama.

Da wata kakar ta zagayo, abin da muka sani ni da Baba ya ƙare, ga waƙoƙi da dama ba su cika ba. Na ce sai dai mu je wurin ƙanwar Inna, wadda muke kira Inna Ƙarama, don tare suka tashi, kuma duk shekara takan zo ta yi mana makonni. Wata Asabar muka hau mota zuwa Mashi, daga nan muka taka da ƙafa ta cikin gonaki, ana ta yankan gero.

Inna Ƙarama abokiyar wasan Baba ce, kamar yadda ƙanwar mata take ga mijin yayarta, ita kaɗai ce take iya zolayarsa. Da ta ji abin da ya kawo mu ta tafa hannu.

Ta ce, "Kai Malam! Tana da rai ba ka ce mata sannu da waƙa ba, sai yanzu za ka zo kana bin ta da alƙalami?"

Baba ya yi murmushi ya buɗe jakarsa. Muka zauna a gindin darbejiya, ita tana rerawa tana buga cinya, shi yana rubutawa. Ta cike mana shida ko bakwai. Can sai ta fara wata da ban taɓa ji ba, ta yi layi ɗaya ta katse, ta dube ni.

Ta ce, "Wannan a bar ta."

Baba ya ce, "Don me?"

"Don taka ce. Kuma ba yabo ba ne. Yaya ba ta yin ta sai ka fita kasuwa."

Ya ce, "To ai ita na fi bukata."

Sai ta rera, wannan karon ba buga cinya:

Mai allo, mai shiru, mijina,
Ya yi wa katako ado da ja da rawaya,
Na wuce da sabon zane a gabansa,
Bai ɗago ba, bai ce an yi kyau ba.

Akwai sauran baituka, duk a kan haka suke: ta yi kitso bai gani ba, ta sauya miya bai tanka ba. Ni kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Baba bai daina rubutu ba. Sau biyu ya ce ta maimaita wani layi. Da ta gama ya tambaye ta, "Tana yin ta da fushi ne, ko da dariya?"

Inna Ƙarama ta ce, "Wata rana da wannan, wata rana da wancan. Da ƙuruciya ta fi yin ta da hawaye. Da girma ya zo, sai mu yi ta muna dariya."

Ya ce, "Zanen fa, wane iri ne?"

Ta ce, "Ka ji shi! Shekara nawa? Saƙi ne, baƙi mai ratsin fari, wanda mahaifiyarmu ta aika mata bayan haihuwar wannan." Ta nuna ni da baki.

Muna mota a hanyar komawa, har mun kusa shiga gari. Yana kallon taga ya ce, "Na gan shi, zanen nan. Da safe ne, ina tsakiyar jan layi. Na ce in na gama zan yi magana."

Na zaci zai ɓoye waƙar, ko ya rubuta ta ya ajiye gefe. Sai ga shi ta fi kowace cin lokacinsa. Wajen wata guda yana kanta, har ya mayar da alluna biyu ya ce a kai wa wani. Bai zana mata dutse ko rijiya ba. Shafin gaba ɗaya ya mayar da shi zane: ratsin baƙi da fari siri-siri, layi bayan layi, kamar yadda masaƙa ke fitar da shi, har da gezar bakinsa. A tsakiya ya bar fili ya rubuta baitukan da jar tawada, bai rage ko ɗaya ba. Duk wanda ya gani sai ya kai hannu ya shafa, yana zaton zai ji zare.

Shafuka talatin da ɗaya ya yi. Bai ɗinke su ba, ya bar su warwatse kamar yadda ake barin littattafan malamai, ya sa baduku ya yi musu gafaka ta jar fata. Ƙanena ne ya kawo ƙyallen da aka naɗe su a ciki, ya yi masa kalmasa da kansa, ya ajiye a zaure ba tare da ya ce na mene ne ba.

Da Inna Ƙarama ta zo bayan Babbar Salla, Baba ya baje mata su a tabarma. Ba ta karatu, amma da ta ga zanen shafi sai ta gane waƙar ta kama rerawa. A ta rijiya ta tsaya ta ce in karanta mata. Na karanta, ta girgiza kai.

Ta ce, "Ba 'igiya ta gajarta' take cewa ba. 'Igiya ta gaji' take cewa."

Na ce, "Inna, igiya tana gajiya ne?"

Ta ce, "Tata tana yi."

Baba bai kankare ba. Ya ɗauki siririn alƙalami ya rubuta gyaran a gefe da ƙananan haruffa, ya sa alama.

Ya rayu shekara huɗu bayan haka. Maganarsa ba ta ƙaru sosai ba, sai dai a shekarun nan ne na fara jin yana ce wa matar ƙanena abinci ya yi daɗi, har ranar farko ta zo tana tambayata ko lafiya. Da ya rasu, 'yan'uwana suka ce gafakar ta zauna a wurina.

Abin da takarda ba ta riƙe ba shi ne muryar. 'Ya'yana mata sun iya karanta shafukan, amma karatu suke yi kamar na aji, ba su san inda ake ja da inda ake saukewa ba. Da na lura da haka sai na riƙa zuwa ƙauye lokacin hutu, in zauna wurin Inna Ƙarama tana rerawa ina bi. Ba ni da murya, takan yi mini dariya ta ce na gado Malam. Kafin ta rasu na samu guda tara sun zauna mini daidai. Sauran ina da kalmominsu, amma ban san yadda ake rera su ba, kuma ban sami wanda ya sani ba.