Kaset Goma Sha Tara

Ba a coci ko masallaci ake sanin amanar mutum ba. Ana saninta ne a yadda yake jinyar tsohuwar na'ura. Shekara tara na yi ina koyar da adabi a Zariya kafin in zo New York in zama mai tura gadon marasa lafiya a asibiti, kuma duk littattafan da na karanta ban ga riƙon amanar da ya kai wanda na yi wa kwamfutar teburina ba.

Na saye ta shekarar da muka tare a unguwar Morrisania. Fara ce sol a lokacin, daga baya ta koma launin haƙorin mai cin goro.

Inna, mahaifiyata, ba ta rubutu, kuma ba ta taɓa yarda da tarho ba. Sai ta zauna gaban rediyo ta cika kaset da magana, ta ba duk mai tahowa, in je filin jirgin JFK in karɓa tare da ƙullin daddawa. A ciki akwai gaisuwa, da faɗa, da sunayen waɗanda suka rasu, da wani zakara da ke katse ta. Kaset goma sha tara.

Bayan rasuwarta na sayo waya mai kai biyu. Na soka kai ɗaya a rediyo, ɗayan a wani koren rami da ke bayan kwamfutar, na yi Asabar uku ina juyewa. Muryarta na fita daga rediyo, lambobi na gudu a allo, na gamsu. Kowane fayil na ba shi lamba da suna, aikin malami. Ban buɗe ko ɗaya ba. Na ce sai ranar da zuciyata ta yi ƙwari.

Shekarar da ta biyo baya, kuɗin-cizo ya mamaye benenmu. Muka zubar da katifu, da kujeru, da kwalin kaset ɗin. Da hannuna na ɗaure shi a baƙar leda. Ai suna cikin kwamfuta.

Daga nan ta fara tsufa. In ka kunna ta, kana iya dafa shayi ka shanye kafin ta farka. Fankarta ta soma wani gurnani da na sani sarai, don ina jin irinsa a ɗakin tsofaffi na asibiti. Ganin kowace farkawa na neman zama ta ƙarshe, sai na daina kashe ta gaba ɗaya.

"Malam," in ji matata, "wannan abar, jinyarta muke yi ko zaman makokinta?"

'Yata ta ce, da Turanci kamar kullum, in kwafe komai a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, aikin minti biyar ne. Na amsa mata da Hausa cewa na sha ganin mara lafiya ya cika a daidai lokacin da ake ɗauke shi daga gado zuwa gado. Ta ce kwamfuta ba mutum ba ce. Na ce ita ma haka aka koya mata. Gaskiyar ita ce, kwafewa na bukatar in buɗe wurin, in ga sunayen a jere.

Haka muka yi shekara huɗu. Ina share mata ƙura da burushin haƙori. Lokacin zafi nakan juya mata fankar ɗaki, mu mu sha gumi.

Wata safiyar Lahadi matata ta jona dutsen guga, wutar gidan ta ɗauke. Da ta dawo, komai ya tashi ban da kwamfutar.

Na naɗe ta a zane, na sa a keken cefane, na hau bas zuwa titi na 125. Akwai wani mutumin Maraɗi mai gyaran wayoyi a wani siririn shago kusa da masu kitso. Ya yaye zanen, ya daɗe yana kallo.

"Malam, wannan ai ta girmi shagona. Gyara ka kawo ta ko jana'iza?"

"Uwata ce a ciki," na ce.

Ya bar dariya. Ya kwance ta, ya zaro wani ƙarfe kamar ƙaramin littafi, ya jona a tasa na'urar. Na tsaya ina karanta farashin caja a bango, kamar yadda 'yan uwa ke karanta sanarwa a ƙofar tiyata.

"Alhamdu lillahi, diski lafiya lau. Ga su nan, goma sha tara. In sa?"

Ban shirya ba, amma na gyaɗa kai. Ya danna na farko. Shuuu. Ya ƙara sauti, ya tsallaka tsakiya, ya tsallaka ƙarshe. Ya buɗe na biyu, na bakwai, na ƙarshe. Shuuu. Ko zakaran babu.

Ya juyo da bayan akwatin wajena.

"A wane rami ka sa wayar?"

Na nuna masa koren.

Ya shiga mayar da kusoshi. Koren na fitar da sauti ne. Wanda sauti ke shiga shuɗi ne.