Baƙin Hayaƙin Da Na Sayar A Matsayin Ƙarfi

A lokacin ni ɗalibi ne mai kunya a makarantar koyon sana'a. Ko gaisuwa da ƙyar nake ɗaga kai, amma littafin inji ba ya wuce ni. Da hutu nakan zauna a garejin kawuna a Gezawa, inda masu akori-kura ke kukan motocinsu ba sa jan kaya cikin rairayi.

Na san maganin. In na ɗan saki sukurun famfon gas, na ƙara sifirin biyu a baya, ƙarafan da ke tallafe nauyin kaya, mota sai ta tashi da buhu talatin. Aikina tsaf yake, har daga Zakirai ake zuwa nemana.

Wata rana na kwance nozul masu kyau, masu fesa gas cikin inji, daga wata mota, wani dillali ya taya. Na sayar, na mayar da tsofaffi, na buɗe gas sosai don kada a gane. Motar ta yi ruri, ta tuttuɗo baƙin hayaƙi. Direban ya daki kafaɗata ya ce, "Kai Malam Boko, ka ga hayaƙi! Yanzu ta zama namiji." Na san hayaƙin nan inji ne ke cin kansa. Na bar shi ya tafi a haka. Daga nan duk motar da ta shigo sai na rage mata wani abu.

Har na yi wa Baba Sabo, dattijon da ke kai tumatirin manoman ƙauyensu kasuwa. Ya ce, "Ɗana, noman ranin gida bakwai zan ɗauka har da nawa, ka duba min motar da kyau." Na ce an gama, Baba.

Injin ya buga a hanyar Kano da rana tsaka. Kafin a sami wata mota tumatirin ya narke a kwanduna. Makanikin da ya buɗe injin ya ga komai. Kotu ta ba ni shekara biyu.

Da na fito, gidan Baba Sabo na fara zuwa, na durƙusa. Ya ce, "Ni na yafe. Saura gida shida, tashi in raka ka." Duk mun zaga su, biyu ba su ko amsa sallamata ba.

Samari, ku koyi inji, sana'a ce mai albarka, da ita nake ci yau. Amma abin da mai mota bai iya gani ba amana ce a hannunku. In kun kwance, ku nuna masa, ku mayar a gabansa.