Hula a Waje, Igiya a Ƙugu

Duk wanda ya zauna Gummi a zamanin Kawu Mamman, ina jin ba zai rasa ranar da aka cire masa hula ba. Ka zo za ka shiga rumbu ko rijiya, sai ka ji iska ta bugi kanka. Ka waiwaya, ga Kawu da hularka a hannu, igiya a kafaɗa.

"In ka hito ka amsa."

"Haba Kawu, dawa kawai zan ɗebo!"

"To ɗebo. Hula ba ta zuwa ko'ina."

Mata kuwa takalmi ɗaya yake ɗaukewa. Innarmu, wadda ƙanwarsa ce, ta sha fitowa daga rumbu ta tarar da nata a aljihunsa, ta ce, "Yaya, wanga abu birni ka kwaso shi, ko gado na ban sani ba?"

Birnin ya kwaso shi. Shekaru ya yi yana aiki a matatar mai, kuma can, in ji shi, ba mai shiga rami sai ya bar katinsa hannun mai tsaron baki. In kati ya daɗe mai shi bai fito ba, an san akwai mutum a ciki. Da ya yi ritaya ya dawo gida, wajen ƙarshen mulkin soja, bai sami kati ba, sai ya koma kan hulunanmu.

Ban san nauyin aikin nasa ba sai da na dawo daga jami'a da digirin kimiyyar sinadarai. Ya zaunar da ni gindin darbejiya ya ce, "To, malam, naitrojin wane wari gare ta?"

Na ce, "A iya sanina ba ta da wari, sai dai wataƙila in an gauraya ta da..."

"Kai, Malam Wataƙila! Ba ta da shi, shi ke nan!"

Sunan da ya bi ni ke nan har yau. Sannan ya ba ni labari. Akwai wata tukunyar ƙarfe a matatar, ta fi rimi tsawo, cike da wasu ƙwayoyi kamar wake da ake kira katalis, su ke tace dattin mai. In suka gaji sai a kwashe a zuba sababbi. Matsalar ita ce gajiyayyun nan, da iska ta taɓa su sai su kama da wuta. Don haka ake kore iskar kaf, a cika tukunyar da naitrojin, wadda wuta ba ta ci a cikinta, mutum ma ba ya rayuwa. Cikin wannan Kawu yake sauka, kansa kulle cikin kwalkwali, mesar numfashi a baya, igiya a ƙugu, yana zuƙe ƙwayoyin da wata ƙatuwar mesa, a waje ana rufe su cikin durum.

"In iska ta shigo, wuta. In mesa ta tsinke, numfashi biyu. Ga ni nan tsakiya ina shara."

Na karanta wannan a littafi, na ci jarrabawa a kansa, amma sai ranar na ji tsoronsa. Ya dube ni ya yi dariya. "Madalla. Daga yau kai ka riƙa min igiya. Matsoraci shi ka riƙon igiya. Jarumi hwaɗawa yakai."

Jarumin gidanmu kuwa yayana ne, Bello, mahaƙin rijiya, mutumin da Kawu bai taɓa samun hularsa ba. Da ya hango Kawu sai ya danne ta da hannu biyu. "Kawu, rijiyar Gummi ce, ba tukunyar Turawa ba." Kawu ya ce, "Rami bai san garinsu ba." Ya sha gaya mini, ba da wasa ba, cewa tsoronsa ɗaya a duniya shi ne a ciro masa Bello a miƙe.

Kun tuna rikicin ragon layya? Bello ya ɗauki igiyar Kawu, wadda yake dubawa taƙi-taƙi kowace Juma'a, ya ɗaure rago da ita. Kawu ya zo, ya kwance, ya naɗe abarsa, ya bar rago a sake. Unguwa guda ta bi ragon nan har bakin gulbi. Da Inna ta yi masa faɗa ya ce, "Igiyar mutum ta. Rago shi nemi tashi."

Sai ranar fadama. Da rani ne, wayar hannu ba ta iso mu ba tukuna. Bello yana ƙara wa wata rijiya zurfi, ya zura injin ban ruwa mai fetur a ciki don ya tsotse ruwan. Injin ya yi ta aiki, hayaƙinsa ya cika ramin, ya mutu, Bello ya sauka ya duba. Ni da Kawu muna kan hanya muka ji ihu. Na leƙa, ga Bello zaune cikin laka, kai ya faɗi a ƙirji, ana kira ba ya amsawa.

Ni da ba na tsallaka kwata sai na duba sau biyu, wallahi ƙafata ɗaya ta riga ta shiga. Sai na ji sanda a ƙaurina.

"Koma! Wanda duk yat taɓa bakin ramin ga sai na karya shi! Guda na ciki, ba a ƙara min na biyu!"

Ban taɓa jin Kawu da wannan muryar ba. Manya majiya ƙarfi suka ja da baya kamar an zare su. Ya sa mutum biyu suka ɗaura rassan darbejiya a igiyar guga suna zurawa suna fizgowa don iska ta juya. Ya zaro wata mesa da ba a yi aiki da ita ba, ya ba wani ya riƙe bakinta a sama, ya sa ɗaya bakin a nasa. Ya ɗaura igiyarsa a ƙugu, ya ɗauki ta biyu, ya cire hularsa ya miƙo mini.

"Ja biyu, ku ɗago Bello. In ka ji ni shiru, ni za ka jawo, kada ka yi wataƙila."

Dattijo mai furfura ya bi bango ya sauka, yana ja ta baki yana fitarwa ta hanci. Ba ina cewa wani ya gwada wannan ba, don ni kaina ban tabbata lissafinsa zai fita sau biyu ba. Ban san minti nawa aka yi ba. Na dai san igiyar ta motsa sau biyu, aka ja, Bello ya fito kamar wanki, sannan muka ɗago Kawu.

Aka kwantar da Bello a inuwa ana fifita. Can ya yi tari, ya yi amai, ya buɗe ido, ya shafa kansa.

"Ina hulata?"

Kawu, yana haki, ya ce, "Tana ƙasa. Ta shiga ba izini, ta zamna can." Ya juyo gare ni. "Malam Wataƙila, tawa hwa?"

Ashe da hannuwana biyu suna kan igiya, a baki na riƙe ta, na tauna gefenta har ya huje. Ya juya ta ya ce, "Ka ga aikin digiri." Haka ya ci gaba da sa ta da hujin, wai shaida ce.

Ranar da muka kai shi makwancinsa, Bello ne ya shiga kabarin don karɓarsa. Ba wanda ya ce masa komai, ya cire hula ya miƙo mini. Mutum biyun da suka bi shi su ma suka miƙo. Da aka gama kowa ya fito ya karɓi tasa. Saura ɗaya a aljihuna, mai huji a gefe, wadda Inna ta ba ni da safe.

Allah Ya jiƙan Kawu Mamman. Ya shiga ƙuncin ramuka don wasu su fito, Allah Ka yalwata masa nasa, Ka sanyaya, Ka haskaka. Amin.